Daga Gizago Zuwa Zarton Inji



Wani dare, a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Agadas, mun gama darasin lissafi, kowa ya naɗe tabarmarsa ya fita, sai ɗalibi guda ya tsaya. Kafinta ne, magidanci, ya girme ni nesa ba kusa ba. Kakansa maƙeri ne mai yin sirdin raƙumi. Ya sa hannu aljihu ya zaro wata ƴar takarda, ya ce, "Mushe, duba mini wannan. Shekara huɗu ke nan ina tara kuɗi, har mai ɗakina ta sayar da awakinta biyu ta cika mini. Injin yanka katako nake so in saya, in kafa a zauren gidana. Na ga guda biyu, na sa yaro ya kwafo mini abin da ke rubuce a jikinsu, amma ban san wanda zan ɗauka ba."

Na karɓi takardar na duba. Lambobi ne a jere: 380 da 315 a layin sama, 220 da 250 a layin ƙasa, ga wasu haruffa a gefensu. Ni malamin karatu ne, ban taɓa riƙe zarto ba sai don gyaran ƙafar benci. Na ce ya ba ni mako biyu. Matambayi ba ya ɓata. Na zaga rumfunan kafintoci, na zauna wurin maƙera, na buɗe littattafai. Abin da na samo ya fi ƙarfin amsar mutum ɗaya, shi ya sa na kawo maka shi a nan. Ko kai ba kafinta ba ne, akwai ƙyaure a ɗakinka, ɗanka kuma bisa benci yake zama a lakwal. Wataƙila ma kana da ƙane ko ɗa da ke koyon aiki kusa da irin wannan inji, ba wanda ya taɓa faɗa masa abin da za ka karanta yanzu.

Garin da icce ke da wuya

In ka tsaya ko'ina cikin tsohon gari ka ɗaga kai, abin da za ka fara gani shi ne hasumiyar babban masallaci. Sarakunan Abzin sun zauna Agadas tun cikin ƙarni na 15, garin ya zama mahaɗar ayari: na Gat da Gadamus daga arewa, na Kano da Katsina daga kudu, na gishirin Bilma daga gabas. An gina masallacin wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, kuma mutanen gari suna danganta ginin ga wani bawan Allah mai suna Zakariya. An sake gina hasumiyar a 1844. Tsawonta mita 27 ne, duk da ƙasa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

To, sake duban hasumiyar. Ka ga itatuwan nan da suka fito daga jikinta kamar ƙayar bushiya? Goruba ce. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarimu, ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, shekara 6 bayan sake ginin. Ya ƙirga itatuwan, ya rubuta cewa jeri 13 ne, sun ratsa ginin daga bango zuwa bango. Su ke riƙe ƙasar kada ta tsage, su ne kuma matakin magina duk lokacin da za a yi yaɓe.

Irin wannan icce ba da zarto ake gyara shi ba. Jikin goruba zare-zare ne, bayanta da tauri, cikinta da taushi. Da gatari ake kayar da ita, a faskara ta bisa tsawonta gida biyu ko huɗu. Gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta yi yawa. Shi ya sa tsofaffin ɗakunanmu ke da tsawo ba faɗi, faɗin bai cika wuce mita 2 ba sai an sa ginshiƙi ko an ɗaura baka. Shiga cikin masallacin ka gani: ginshiƙai masu kauri kusa da juna, rufi ƙasa-ƙasa. Icce ne ya auna wa magini faɗin ɗakinsa. Bisa gorubar a jera karan tumfafiya, a shimfiɗa tabarmar kaba, sa'an nan a zuba ƙasa.

In kana son ka san darajar icce a wannan ƙasa, tuna da iccen Tenere. Icce ɗaya tak ne, kandili, a tsakiyar rairayi kan hanyar Bilma, ga rijiya a gefensa. Ayari bayan ayari sun yada zango wurinsa, ba wanda ya karya reshensa don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya faɗi. Aka ɗauki gawar iccen aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Mutanen da suka ji kunyar icce haka, ba su da abin ɓarnatarwa.

Maƙera da gizago

A Abzin aikin icce da na ƙarfe hannu ɗaya ne. Maƙera, waɗanda Abzinawa ke kira inadan, su ke ƙera takobi da mashi da kayan azurfa, su ne kuma ke sassaƙa akushi da cokali, turmi da taɓarya, ƙotar gatari, da turakun gado da na bukka. Matansu ke aikin fata. Kayan aikin ba su da yawa: gatari, gizago, wuƙa, magagari, da ƙarfen huda da ake sawa a wuta. Jakar fata ɗaya ta ɗauke su duka, a ɗora wa jaki a bi makiyaya inda suka yi.

Babban aikinsu shi ne sirdin raƙumi na Agadas, mai yatsu uku a gaba da dogon majingini a baya. Gunduwa-gunduwa ake sassaƙa iccensa, a haɗa, a ɗaure da ɗanyar fata. In fatar ta bushe sai ta ƙanƙance ta matse iccen tamau. Daga nan a rufe da jar fata da tsanwa, a ƙawata da farin ƙarfe da tagulla. Ana doguwar tafiya bisa sirdin nan, kwana da kwanaki cikin rairayi, bai saki ba.

Ni ma da nake koyar da boko, bisa aikin gizago na fara karatu, kai ma watakila haka. Allon makaranta da iccen aduwa aka fi yin sa, don yana da tauri, yana yin sulɓi, ana wanke shi shekara da shekaru bai lalace ba.

Ka lura da yadda gizago ke aiki, don a nan bambancin yake. Gizago bin icce yake yi. Masassaƙi kan tafi daji ya nemi reshen da Allah Ya riga Ya tanƙwara daidai da abin da yake so, ya rage masa nan, ya rage masa can. Itatuwanmu gajeru ne, karkatattu, masu tauri, kuma gizago ya dace da su. Aibinsa ɗaya: in kana son shimfiɗaɗɗen katako, gungume guda ba zai ba ka fiye da ɗaya ko biyu ba, sauran duk ya tafi a sassaƙe. Zarto kuwa zai fitar da biyar ko shida daga wannan gungumen, abin da ya zube gari ne kawai. Dalilin da ya sa duniya ta nemi zarto ke nan.

Hausawa na yi wa gizago kirari da cewa ba shi da sabo, don bakinsa mai shi yake duba. Riƙe wannan kirari, za mu komo gare shi.

Asalin zarto

Sana'ar icce tsohuwa ce mai daraja. Annabi Nuhu ya yi jirgi, kuma hadisi ya nuna Annabi Zakariya, tsira da aminci su tabbata a gare su, da ita yake ci. Mutanen Masar na dā sun yi zarto da tagulla fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A zane-zanen kaburburansu ana ganin mutum ya ɗaure katako a jikin turke yana tsaga shi. Da ja zartonsu ke yanka, don tagulla na da taushi, in aka tura sai ta lanƙwashe. Rumawa suka yi na baƙin ƙarfe, suna karkata haƙoran, ɗaya dama ɗaya hagu, don tsagar ta fi jikin zarton faɗi, kada ya maƙale. Har gobe kafinta na yin haka in ya gama wasa zartonsa.

Ƙarni da yawa mutum biyu ke tsaga gungume: a haƙa rami, a gitta gungumen bisa bakinsa, ɗaya a sama ɗaya a cikin rami, suna jan dogon zarto, garin katako na zuba a kan na ƙasa. A 1594 wani mutumin Holan, Cornelis Corneliszoon, ya haɗa zarto da fanka mai juyawa da iska. Holan ta samu katako da araha, ta cika teku da jiragen ruwa.

Amma duk zarton da ke kai da komowa, rabin tafiyarsa banza ce. Sai aka yi tunanin faifan ƙarfe mai haƙora kewaye da bakinsa, wanda ke juyawa gaba ɗaya ba komowa. A 1777 wani Bature, Samuel Miller, na garin Southampton a Ingila, ya karɓi takardar mallakar wani inji mai irin wannan faifai. Amurkawa na ba da labarin wata mace, Tabitha Babbitt, wai ita ta ƙago shi wajen 1813, bayan ta ga maza biyu na wahala da zarton rami, amma takardar Miller ta riga ta da shekara 36. Da fari ruwa da tururi ke juya faifan, a manyan masana'antu kawai. Da wutar lantarki ta yaɗu, aka samu ƙananan moter, sai inji ya sauko rumfar mutum ɗaya. A 1906 Wilhelm Altendorf ya yi mai tebur mai zamewa a Balin ta Jamus. A 1939 kamfanin Delta na Amurka ya fito da wani mai suna Unisaw, wanda faifansa ke karkata tebur na nan a shimfiɗe, kuma yawancin na yau kamanninsa suka ɗauko. A Jamus ɗin dai, cikin shekarun 1920, aka haɗa wani ƙarfe mai tsananin tauri, wanda daga baya aka riƙa liƙa ƙwayoyinsa a bakin haƙoran faifai. Irin wannan faifai ya fi na dā daɗewa bai dakushe ba, sai dai magagari ba ya cinsa, sai dutsen wasa na musamman.

Yadda katako ya iso Agadas

Ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya ratsa Agadas a 1899, Faransawa suka zauna sosai daga 1906. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawusan da Sarki Tagama suka tsare barikinsu, bayan yaƙin kuma garin ya kusa zama kufai. Da abubuwa suka lafa, masu mulki na son tebur da kujera, da taga, da ƙyaure mai makulli, da benci. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi da karkataccen reshe. Tsofaffi sun faɗa mini cewa akwatunan da aka kawo kaya a ciki su ne katakon farko da kafintocin gari suka samu, a ɓamɓare su, a miƙe ƙusoshin, a sake aiki da su.

Katako na sosai daga kurmi yake zuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, katakon kudu ya samu hanyar arewa, daga Kano sai Damagaram, sai Agadas. Kalmomin da muke faɗa ma wannan hanya suka biyo: kafinta, tebur, benci, duk daga Ingilishi suke, ko da yake Faransa ce ta mulke mu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa babbar masana'anta a Sapele, kudancin Nijeriya, mai yin katakon nan mai falle-falle da ake mannawa da gam. Farin katako marar nauyi da kafintoci ke yawan aiki da shi, a Nijeriya obeche ake ce masa, a Kodebuwa samba, a Gana kuwa wawa, amma da harshensu, ba wawan da ka sani ba. A Yamai har akwai kasuwar da ta ci suna daga wannan haja, Kasuwar Katako.

Abu biyu suka rage kafin inji ya zauna a garinmu: hanya da wuta. Yuraniyom ne ya kawo su. An fara haƙarsa a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa Arlit wajen 1980. An kafa kamfanin Sonichar a 1975 don haƙar gawayin ƙasa na Anu Araren kusa da Cirozerin, tasharsa ta fara ba da wuta a 1981, ga ma'adinan Arlit da garin Agadas. Manyan motoci suka riƙa sauke katako mai tsawon mita huɗu, abin da ke da wuyar ɗorawa bisa raƙumi.

Garin kuma ya cika. Barth ya ƙiyasta mutanen Agadas kamar 7,000 ne a 1850. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da 110,000, kuma da aka ga zinariya a Jado a 2014 baƙi suka ƙaru. Kowane sabon gida na son ƙyaure da taga, kowace amarya na son gado da kabad, kowane aji na son benci. A ɗaya gefen, farin shekarun 1970 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa. Tun 1975 ake dashen itatuwa ran 3 ga Agusta, dokar gandun daji kuma ta hana sare goruba da gawo da aduwa ba da izini ba. Jikan maƙeri ya ga iccen daji na ƙarewa, katakon kudu na ƙaruwa, sai ya ajiye gizago ya ɗauki zarto. Yanzu ga shi yana neman inji.

Abin da za ka duba kafin ka biya

Na farko, dubi aikinka. Tarihin nan ya nuna mana cewa an ƙera zarton tebur ne saboda miƙaƙƙen katako mai shimfiɗaɗɗen ciki. In aikinka ƙyamare ne da tagogi da benci, zai rage maka wahalar yini zuwa awa ɗaya. In turmi ne da sirdi da akushi, bar kuɗinka a aljihu. Kada ka kuskura ka tura masa kewayayyen reshe ko karkataccen icce na daji, don zai mirgina, faifai ya fizge shi tare da hannunka.

Na biyu, dubi wutar gidanka. A jikin kowane moter akwai ɗan farantin ƙarfe mai rubutu. Nemi lambar da ke da harafin V a gefenta, harafin da babu shi cikin baƙaƙen Hausa. Wutar gidajenmu 220 V ce, 50 Hz. In ka ga 380 V, wannan mai layi uku ne, irin na manyan rumfuna, ba zai tashi da wutar zaurenka ba sai an ja maka layi na daban, da kuɗi na daban. In ka ga 110 V ko 120 V da 60 Hz, na Amurka ne, kana sa shi a wutarmu zai ƙone nan take. Harafin W ƙarfin injin yake nunawa. Daga 1,500 zuwa 2,200 ya ishi aikin gida. Ka sani kuma moter na jan wuta ninki-ninki lokacin tashi, saboda haka in da janareto za ka yi aiki, sai wanda ya ninka ƙarfin injin sau biyu ko uku.

Na uku, irin moter. Akwai mai ɗan gawayi a ciki, marar nauyi, mai ƙara kamar jirgin sama. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, amma gawayin na cinyewa, ƙura na cutar da shi. Akwai kuma mai nauyi, marar hayaniya, wanda galibi ke juya faifai da bel. Wannan ya fi jure dogon aiki, in ya ƙone kuma masu naɗin waya na iya tashinsa. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, ƙura kuma ba ta fashi, wannan magana ba ƙarama ba ce.

Na huɗu, faifai. Lambar 250 ko 315 faɗin faifan ne da milimita. Na 250 na yanka kaurin santimita 7 zuwa 8, na 315 kuwa 9 zuwa 10. Auna ramin tsakiyarsa: na Turai galibi milimita 30 ne, na Amurka kusan 16. Je kasuwa ka ga wanda ake samu kafin ka saya, kada faifai ya dakushe inji ya zama teburin shan shayi. Mai haƙora 24 na tsaga katako bisa tsawonsa, mai 60 zuwa 80 na yanka a gicciye da katako mai falle-falle, mai 40 kuwa yana taɓa kowanne.

Na biyar, tebur da katangar awo, wato ƙarfen da katako ke jingina da shi yana tafiya. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa tebur ka leƙa, kada haske ya ratsa ƙarƙashinsa. Kulle katangar, ka tura ta da hannu, kada ta motsa. Auna daga katanga zuwa gaban faifai, ka auna zuwa bayansa, awon ya zo ɗaya. Cire waya daga wuta ka girgiza faifan, in ya yi lilo, abin da sandarsa ke juyawa a kai ya ci. Araha ba ta ado.

Zarto ma ba shi da sabo

Zo mu yi lissafi irin na aji. Faifai mai faɗin milimita 250, kewayensa kamar santimita 78 da rabi ne. In yana juyawa sau 4,000 a minti, kowane haƙori na tafiyar mita 3,140 a minti, wato kusan kilomita 190 a awa. Ba hannun da ke janyewa da wannan sauri. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan, mutum fiye da 30,000 ke zuwa likita kowace shekara saboda zarton tebur, dubbai daga cikinsu da guntulallen yatsa. Shi ya sa a 1999 wani mai suna Steve Gass ya ƙago injin da ke gane fatar mutum ta hanyar ƴar wuta da ke bin faifan, ya tsaya cik cikin ƙasa da kashi 5 daga 1,000 na daƙiƙa. An fara sayar da shi a 2004 da suna SawStop. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, don haka sai mu riƙe abin da muke iyawa.

Yawancin haɗari daga harbi yake farawa. Tsagar katako kan matse bayan faifai, haƙoran baya su ɗaga shi su jefo wa mai aiki, hannu kuma ya zame ya bi. Maganinsa wata lanƙwasasshiyar wuƙa ce marar kaifi da ke tsaye dab da bayan faifai, tana hana tsagar rufewa. Sai murfi bisa faifan. Injunan da masu walda ke haɗawa a gari suna da ƙarfi da sauƙin gyara, amma da yawa ba su da waɗannan biyun. In irinsu za ka saya, sa a yi maka su kafin ka biya. Nemi kuma makunnin da ke kashe kansa in wuta ta ɗauke. Ka san halin wutarmu: ta tafi, ka sa hannu kana share tebur, ta dawo ba sallama.

Yanke sandar turi daga guntun katako, ka rataye ta a jikin inji, da ita za ka tura ƙarshen katako. Kada ka tsaya saitin faifai. Tuɓe babbar riga, ka soke jelar rawaninka, ka naɗe hannun riga. Rufe hanci da idanu. In inji a gida yake, yara na nan: cire waya ka kulle zaure duk lokacin da ka fita.

Na taɓa samun wani saurayi a aji, yaron wata rumfa, wanda inji ya cire wa babban yatsa da manuni na hannun dama. Shekara bakwai yana aiki da injin nan lafiya, ya ce ya san shi kamar yunwar cikinsa. Da ya zo mana, alƙalami ba ya riƙuwa, dangwalen da ya saba yi a takarda ma babu yatsan yin sa. Da hagu muka koya masa rubuta sunansa, wata biyar muna fama.

Amsar ɗalibina

Da mako biyu suka cika, ban ba shi amsa ba. Na rubuta V da W da Hz a babban allo, muka yi darasin dare da su, aji duka. Kashegari muka tafi tare wurin mai injunan. Zuciyarsa na kan babban, don ya fi kwarjini. Ya durƙusa, ya goge farantin da gefen rigarsa, ya bi da yatsa yana karantawa da kansa: uku, takwas, sifiri, V. Ya yi shiru, ya ce, "Mushe, wannan ba na gidana ba ne." Ya koma ga ƙaramin, ya karanta 220, ya duba wuƙar baya da murfi, ya zaro ma'auninsa ya gwada katangar gaba da baya. Mai kaya ya so ya ja shi da zance, ya ce masa, "Alhaji, bari in gama karatu tukuna."

Yau injin na zaurensa, sandar turi na rataye a gefe. Gizagon kakansa ma na nan bisa bango, yakan sauko da shi in maƙwabta sun kawo gyaran taɓarya ko ƙotar gatari. Ya ce kuɗin benci goma na farko na mai ɗakinsa ne, sai ya mayar mata da awakinta.

Kai kuma mai karatu, in ka gama, karanta wa wanda bai iya ba, musamman yaran rumfunan kafintoci na unguwarku. In ya ji daɗi, nuna masa ƙofar ajin yaƙi da jahilci mafi kusa da shi. Allah Ya tsare mana hannuwanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.